Takarda ko bakin dattawa: wa ya fi sanin asalin gidanmu?

Auta: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina neman afuwa tun kafin in fara, domin maganar tana da nauyi. Tun muna yara ake gaya mana cewa kakan Baba ya zo Damagaram daga Borno tare da ayari a zamanin Sarki Tanimun, ya sauka a unguwar Zango, ya yi fataucin fatu da gashin jimina har ya kafa gidan da muke ciki. A watan jiya na shiga gidan ajiyar tsoffin takardun gwamnati a Yamai, na duba wani kundin ƙidaya na zamanin Faransawa, sai na ga sunansa da na mahaifinsa, amma an rubuta cewa manomi ne, haifaffen wani ƙauye a ƙasar Mirriya, wajen shekarar 1880. Tanimun ya rasu a 1884, kuma yaro ɗan shekara huɗu ba ya fatauci. Saboda haka ra'ayina shi ne, duk asalin da babu takarda a bayansa labari ne kawai, bai kamata mu ci gaba da koya wa ƴaƴanmu shi da sunan tarihi ba.

Kawu: Wa alaikumus salam. Allah ya yi maka albarka da wannan ƙoƙari, amma kafin ka rantse da kundin nan ka tambayi kanka wanda ya rubuta shi da abin da ya sa ya rubuta. Ba don a adana asalin kowa aka yi ƙidayar ba, don lanho, wato haraji, aka yi ta, da neman hannun aikin tilas da ɗaukar soja. Kwamandan yana zaune a inuwa, mai gari yana kiran suna, tafinta yana juyawa, magatakarda yana rubuta abin da kunnensa ya jiye masa, ka ga ke nan sunan mutum ya bi ta hannun mutum uku kafin ya taɓa takarda. Shekarun kuwa kallon mutum ake yi a ƙiyasta, shi ya sa ka ga an sa "wajen shekara kaza", kuma har takardar haihuwata ta kotu haka take, alhali ni ba a zamanin Tanimun aka haife ni ba. Mahaifiyarmu ta sha ba mu labarin yadda ake ɓoye samari a cikin rumbu ranar ƙidaya. Wanda ya ɓoye ɗansa a rumbu, kana tsammanin zai gaya wa Nasara cewa shi attajiri ne, bayan ya san ɗan kasuwa yana da nasa harajin daban?

Yaya Babba: Kawu, da izininka, ina ganin Auta bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Na yi shekaru ina koyarwa a lakwal, kuma duk lokacin da na sa yara su tambayo asalin gidajensu, kusan kowa daga Borno kakansa ya zo, sauran kuma sharifai ne daga gabas. Ban taɓa samun wanda ya ce kakansa talaka ne da yunwa ta koro ba, alhali mun san an yi yunwa, an yi yaƙi, an yi bauta a ƙasar nan. Maroƙi ba ya cin abinci da faɗin abin da zai ɓata wa mai gida rai, kuma abin da ya faɗa ranar biki shi ne jikoki suke haddacewa. Sa'an nan baki yana haɗiye mutane: a ce "kakanmu", ana nufin mutum uku da suka biyo juna, a ɗora aikinsu duka a kan guda ɗaya. Inda na rabu da Auta shi ne cewa da ya yi sai takarda. Idan muka bi wannan ƙa'ida, yawancin mutanen Damagaram ba su da kakanni ke nan, domin rajistar haihuwa ba ta game talakawa ba a lokacin, ko da yake garin nan ne babban birnin mulkin Faransawa a Nijar daga 1911 har aka mayar da shi Yamai a 1926.

Auta: To Yaya, jaridu fa? Na yi niyyar in bi su ɗaya bayan ɗaya, ko zan ga sanarwar rasuwa ko ta wata shari'a.

Yaya Babba: Ka bi su, amma ka san abin da za su iya ba ka. Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya aka fara buga ta a 1939, hankalinta kuma yana kan Nijeriya. Le Temps du Niger, wadda ta koma Le Sahel a 1974, ta zamanin ƴancin kai ce, kuma manya da ma'aikata ta fi ambata. Za ka iya samun naɗin ƙanen Baba da ya yi aikin gidan waya a jaridar gwamnati, har da ranar da aka canza masa wurin aiki, amma ba za ka sami bafataken da ya mutu kafin a kafa injin buga jarida ba.

Kawu: Bari in ƙara maka ɗaya, Auta. Tarihin sarakunan Damagaram da kake karantawa da Faransanci, daga ina ya fito? Lokacin da tawagar Faransawa ta Tilho ta zo shata iyakar Nijar da Nijeriya tsakanin 1906 da 1909, tafintanta Landeroin zama ya yi da dattawa da mutanen fada yana tambaya yana rubutawa. Abin da tsoho ya faɗa wa Bature ya zama hujja don an buga shi a Faransa, amma abin da tsohuwa ta faɗa wa jikanta ya zama tatsuniya? Sa'an nan mutum nawa ne a ƙasar Mirriya suke da suna irin na kakanmu da na ubansa? Ka tsaya a kasuwar Dole ka kira sunan nan da ƙarfi, ka ga yawan waɗanda za su waiwayo.

Gwaggo: Jikata ce take rubuta mini, ni ina faɗa. Kun yi ta gardama ba wanda ya tambaye ni, alhali ni kaɗai na rage a cikin waɗanda suka ga mutumin da idonsu. Wanda Auta ya gani a kundi shi ne kakanmu, ba wani ba ne, kuma gaskiya ne manomi ne, na ci geron gonarsa. Amma ba shi ne bafataken ba, takwaransa ne, sunan kakansa aka mayar masa, shi ya sa matan gida ba sa kiran sunan, sai dai su ce Mai Sunan Baba. Bafataken shi ne mai zanen Barebari a fuska, haka kakarmu ta ce, domin ta same shi da rai tana amarya. Ɗansa ne ya fita ƙauye ya kama noma, aka haifi kakanmu a can. Da hanyar hamada ta mutu, jirgin ƙasa ya iso Kano kaya suka koma kudu, sauran ƴan gidan ma suka bi su ƙauyen, ba su dawo Zango ba sai bayan yunwar Kakalaba.

Yaya Babba: Kakalaba ita ce ta 1913 zuwa 1914, jirgi kuma ya isa Kano a 1911, ka ga lissafin Gwaggo ya zauna ba tare da ta riƙe alƙalami ba. Amma Kawu, ka lura cewa abin da na faɗa ne ya faru: mun haɗe mutum biyu mun mai da su ɗaya, kuma da Auta bai kawo kundin nan ba, da haka za mu ci gaba da faɗa har Gwaggo ta tafi da gyaran, Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana.

Kawu: Na karɓi wannan. Tun da abin ya kai nan, akwai wata takarda a cikin akwatin ƙarfen marigayi Yaya, naɗe a cikin tsohuwar gafaka. Rabon gadon bafataken ne da ajami, tawada ta yi ja, gara ta ci gefe ɗaya. An lissafa raƙuma da tufafi da gidan Zango, an sa sunayen shaidu uku, babu shekara, amma a bayan sunansa an rubuta "al-Barnawi".

Auta: Na janye kalmar "labari kawai", ina kuma ba Gwaggo haƙuri. Amma Kawu, ban sauka daga kan sauran maganata ba. "Al-Barnawi" yana nuna dangantaka da Borno ne, bai nuna cewa shi da ƙafarsa ya taso daga can ba, domin ana kiran mutum da garin kakansa ko da bai taɓa ganin garin ba, kuma sarautar Damagaram kanta ta daɗe a ƙarƙashin Borno, Barebari sun cika garin tun kafin Tanimun. Abin da zai raba gardama shi ne shaidun nan uku: idan ɗayansu alƙali ne ko limamin da aka san zamaninsa a Birni, za mu iya sanin lokacin da aka yi rabon.

Kawu: Ka zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mu kai wa liman ya karanta mana sunayen, domin rubutun ya fi ƙarfin idona. Amma takardar ba za ta fita daga gidan nan ba, shi za mu ɗauko.

Gwaggo: In ka zo ka fara biyowa ta ɗakina da wayarka, ka ɗauki maganata. Kundin naka bai rubuta matan gidan ba ko ɗaya, ni kuwa ina riƙe da sunayensu har bakwai.