Dashen gashi: yaya za a kula da kan bayan an dawo Katsina?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum jama'a. Yayana ne aka yi wa dashen gashi a Istanbul shekaranjiya, irin wanda ake tsinko gashin ƙeya ɗai-ɗai ba tare da an yanki fata ba, FUE suke ce mashi. Dashe 3,000 aka yi mashi, daga goshi zuwa tsakar kai. Jibi zai sauka Abuja ya biyo mota zuwa gida. Takardar da asibitin ya ba shi ba ta san da ƙurar hunturu ba, ba ta san da hula ba, balle alwala da sujada. Masu sani ku taimaka: yaya za a riƙa wanke kan, yaushe zai sa hula, kuma me za mu gani mu san abin ya ɓaci?

Maman Sadiƙ:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi. Kwana goman farko su ne aikin. Kowane dashe a ɗan rami aka zaunar da shi, babu ɗinki, jinin da ya daskare ne kawai ke riƙe da shi. A kwana biyar na farko ko farce ko bakin riga na iya fizge shi. Sai wajen kwana na tara zuwa goma yake kama nama sosai. Wanda ya fita kuma ya fita ke nan, ba ya sake tsirowa.

Don haka a ajiye kaftani da jallabiya da duk rigar da ake zurawa ta kai, ya sa mai maɓalli a gaba. A motar nan ma ya kula da bakin ƙofa, domin fatar kan a mace take, zai iya bugewa bai ji ba sai dai a ga jini. Idan jinin ya zo, a danna da gozi mai tsabta a hankali na minti 10, kada a goga.

Kwanciya rigingine, a tada kai da filo biyu ko uku ya zama rabi zaune rabi kwance, har mako guda. Kumburi yakan fi yawa a kwana na uku da na huɗu, ya gangaro goshi har fatar ido. Ruwan allurar kashe zafin ne da na aikin ke saukowa, kuma yakan sace da kanshi cikin 'yan kwanaki. A naɗe ƙanƙara a tawul a ɗora a goshi minti 10, amma kada ta taɓa inda aka dasa.

Wanki sau ɗaya a rana, tunda sun riga sun yi mashi na farko a can. A ɗiga man laushin da suka ba shi a kan wurin, a bar shi minti 20 zuwa 30. A samu ruwa mai ɗumi kaɗan, wanda aka tafasa ya huce ko na leda, ba na 'yan garuwa kai tsaye ba. A zuba da kofi a hankali, ban da shaya mai ƙarfi. Shamfun a tafin hannu ake murza shi ya yi kumfa, sannan a ɗora kumfar da tsokar yatsu, dannawa kawai, ba cuɗawa. A ɗauraye, a bar iska ta busar. Daga kwana na bakwai ko takwas ne ake fara murzawa a hankali a kewaye, ta yadda zuwa kwana 10 ko 14 ɓawon ciwon ya gama zuba. Kada a ɓamɓare shi da farce, kada kuma a bar shi ya yi kanta don tsoron wanki, ƙwayoyin cuta a ƙarƙashinsa suke taruwa.

Malam Na-Daura:
Hajiya ta gama magana a kan wanki. Ni ta wajen ibada da fita zan ƙara.

Sujada matsala biyu gare ta a makon farko: sunkuyar da kai na ƙara kumburi, sannan idan layin dashen ya sauko goshi zai gogi darduma. Wanda likita ya ce sujada za ta cutar da shi yana da rangwamen yin ishara. Haka shafar kai a alwala, a littattafanmu na Malikiyya akwai babin shafa a kan abin da aka rufe rauni da shi idan ana tsoron cutarwa. Ya zauna da malaminsa ya kwatanta mashi inda raunin yake, a faɗa mashi wanda ya dace da halinsa. Abin da bai kamata ba shi ne ya ja jiƙaƙƙen hannu daga goshi zuwa ƙeya ya dawo kamar yadda ya saba. Likitoci kan ce a ƙaurace wa iyali mako ɗaya zuwa kwana goma saboda gumi da bugawar jini, wannan kuma ya rage mashi wahalar wanka.

Hula kuwa, na san a nan za a yi rigima da shi, don babban mutum ba ya son fita kai ba hula. Zanna da kube bakinsu a daidai layin dashen yake zama, ga tauri ga sitaci. Su jira mako uku zuwa huɗu. Bayan kwana goma zai iya sa mai faɗi marar matsi, ya ɗora da hannu biyu ya cire da hannu biyu. Hular kwano sai bayan wata guda, hawa babur ma a ƙurar nan ban ba shi shawara ba.

Hunturu yana busar da ɓawon ya ja fata, shi ke kawo ƙaiƙayin da ke sa mutum susa cikin barci. A sayi ruwan nomal salin a kemis, na kashi 0.9, a zuba a sabuwar kwalbar feshi, a riƙa fesawa duk awa biyu da rana a kwanakin farko. Kada a haɗa ruwan gishiri a gida. Kuma a hana masu zuwa dubiya kawo man kaɗanya, man zaitun da na habbatussauda a shafa, suna toshe ramukan ƙura ta manne. In zai shiga rana kuma ya riƙe lema, wata uku aƙalla, sabuwar fatar tana saurin ƙonewa ta yi duhu.

Mai Kemis Sabon Layi:
Abu ɗaya da asibitocin waje ba su cika nanata wa mutanenmu ba shi ne tabo. Baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai tudu, wanda likitoci ke kira kiloid. Idan Yaya dama yana da ƙurajen ƙeya irin na bayan aski, a sa ido sosai a inda aka tsinko gashin. Tabon da ya fara kauri yana ƙaiƙayi a nuna wa likitan fata da wuri, allurar da ake yi a cikinsa ta fi aiki tun yana ƙarami.

Magani: farasitamol ya isa ga ciwon. Asfirin da ibufurofen suna ƙara zubar jini, kada ya sha sai in likita ya rubuta. Idan kuma dama yana kan asfirin don zuciya, likitansa ne zai faɗi ranar komawa. Maganin kashe ƙwayoyin cutar da suka ba shi ya shanye. Sigari da shisha suna matse ƙananan jijiyoyin da dashen ke jiran jini daga gare su, a bar su aƙalla mako biyu, wata guda ya fi.

Wanda ba a kwana da shi a gida: zazzaɓi, mugunya, wari, ciwo mai ƙaruwa bayan kwana na uku maimakon raguwa, ko wani gurbi ya yi baƙi. Wannan a tafi Asibitin Koyarwa na Tarayya a ranar, kada a tsaya jiran amsar WhatsApp daga Turkiyya.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Wani ya ce mani gashin duk zai zube, gaskiya ne? Kuma yaushe zai je aski?

Maman Sadiƙ:
Gaskiya ne, ka shirya mashi zuciya tun yanzu. Daga mako na biyu zuwa na takwas yawancin silin da aka dasa za su zube, wani lokacin har da na asali da ke kusa. Silin ne ya faɗi, saiwar tana ciki tana hutawa. Gane bambancin ba wuya: dashen da ya fizge a kwanakin farko da jini yake fitowa, zubar da aka saba kuwa ba jini. Sabon gashi yakan fara leƙowa a wata na uku ko na huɗu, siriri, tare da 'yan ƙuraje nan da can. A gasa su da tsumma mai ɗumi, kada a matse, in sun yi yawa a ga likita. Cikar aikin sai shekara, tsakar kai kan kai wata 18.

Dashen bai tsayar da sanƙo a sauran gashin ba, shi ya sa ake rubuta maganin rage zubar gashi, minoxidil na shafawa na kashi 5 ko ƙwayar finasteride miligiram 1. Minoxidil ba a komawa gare shi sai wurin ya warke, yawanci mako biyu zuwa huɗu, kuma mai ciki kada ta taɓa fasasshiyar ƙwayar finasteride.

Aski: ƙeya da kilifa bayan wata guda, kilifar tashi ta kanshi, ba ta shago ba. Inda aka dasa almakashi kawai har wata uku aƙalla, wasu likitocin shida suke cewa. Askar wanzami da gyaran layin goshi da reza su jira sai likitan da ya yi aikin ya ga hoto ya amince.