Ɗanyar madarar shanu ga ɗan sati bakwai: muhawarar zauren dangi

Maman Ikram, Garwa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Maganar ɗan marigayiya ce ta kawo ni. Yau satinsa bakwai cif, kuma tun ranar da aka rufe uwarsa madarar gwangwani yake sha. Gwangwani mai giram 400 kwana huɗu yake mana, in an yi sa'a biyar. Ubansa ɗan acaɓa ne, kun san abin da yake shigowa da shi. Jiya Yaya ya turo min bidiyon wata Baturiya tana haɗa wa jaririnta madara da ɗanyar madarar shanu da ruwa da man kifi da wasu garuruka. Baffa kuma ya ce zai riƙa aiko mana da lita guda kullum daga Pitowa. Kafin in ɗura wa yaron nan komai ina so in ji bakinku.

Yaya, Kuseri: Wa alaikumus salam. Ni na turo, kuma ina kan bakana. Madarar da aka tatso yanzu daga saniya mai lafiya, mai cin ciyawar Allah, ta fi garin da aka yi wata da watanni a jirgin ruwa, ya sauka Duwala, ya kwana a shago cikin zafin nan. Matar ta ce tafasawa ke kashe amfanin madara. Mutanen Amurka da suka fi mu asibiti ne fa suke komawa ga abin da muke da shi a ruga, mu kuma muna rainawa.

Baffa, Pitowa: Yarona ke rubuta min. Shanuna ba baƙi ba ne, tun kakanninsu nake tare da su. Ni da ke magana a kan madarar nan na tashi, ga ni na haura saba'in. Saniyar da zan ware wa maraya ban taɓa ganin ta kwanta ciwo ba. Abin da Allah ya ba ni ke nan, shi zan iya bayarwa.

Anti Nas, Marwa: Baffa, Allah ya saka da alheri, niyyarka babu mai shakkarta. Amma don Allah Maman Ikram kar ki ba shi. Ko ɗanya ko dafaffiya, ɗan sati bakwai bai kai shan madarar shanu ba. Ina bakin aiki, in na tashi zan yi bayani.

Kawu, Ngaundare: Kafin ta dawo bari in faɗi ɓangarena, tunda duba nama a mayanka shi ne abincina. Baffa, da girmanka, lafiyar saniya ba a gane ta da ido. Na sha tsayawa kan gudali mai ƙiba, doronta cike, gashinta na sheƙi, mahauci ya buɗe ƙirji sai ka ga huhu da kaluluwa cike da ƙulle-ƙulle masu rawaya, in ka sa wuƙa sai ka ji kamar yashi a ciki. Tarin fukan shanu ke nan. Mai ita zai rantse maka bai taɓa jin ta yi tari ba, kuma gaskiya ya faɗa. Ƙwayar tana bin ɗanyar madara ta shiga mutum, a yara ta fi fitowa a kaluluwar wuya ko a ciki.

Na biyu shi ne abin da makiyaya ke kira bakkale. Saniya ta yi ɓari, ko gwiwarta ta kumbura, ko mahaifa ta ƙi faɗuwa, daga baya ta murmure ta ci gaba da ba da madara, ƙwayar kuwa tana nan a hantsarta. Mutum in ya kamu, zazzaɓi ne mai tafiya yana dawowa, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi. Sai a yi ta shan maganin sauro ana mamakin ya ƙi sauka. Cututtukan nan biyu suna cikin garkunanmu, daga tudun Adamawa har bakin tafkin Cadi.

Ko a ce saniyar tsaf take, akwai kashin da ke manne a hantsa, da hannun mai tatsa, da ƙwarya, da ƙuda. Sannan a zuba a jarka a ɗora a babur daga Pitowa zuwa Garwa a watan da zafi ke wuce digiri 40, a iso gida a tarar an ɗauke wuta, firigo ya zama akwati. Abin da babba zai sha ya yi gudawar kwana biyu ya tashi, shi ke kwantar da jariri.

Yaya, Kuseri: To ai Kawu ka kawo maganin da kanka. A tafasa. Na janye maganar ɗanya in dai ƙwayoyin cuta ne matsalar. Amma ban yarda gwangwani ya fi ba. Kun manta yadda kamfanonin nan suka yi ta tallan madara har iyaye mata suka bar nono, yara suka yi ta mutuwa? Ba don haka aka kafa musu doka ba?

Kawu, Ngaundare: Wannan gaskiya ne, a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar hana irin wannan talla. Maganar cewa wuta na kashe amfanin madara kuwa, ɗan bitamin ne ke raguwa, abin gina jiki da na ƙashi suna nan. Matan ruga ma ai sai sun dafa madara kafin su kwantar da kindirmo. Amma tafasawa ƙwayar cuta kawai take kashewa, ba ta mai da madarar saniya nonon mutum. Nan na tsaya, sauran na Anti ne.

Anti Nas, Marwa: Na dawo. Yaya, dokar 1981 an yi ta ne don kare yaron da uwarsa ke raye tana da nono. Wannan yaron uwarsa na kabari.

Ku dubi ɗan maraƙi. Ranar da aka haife shi yake miƙewa, cikin kusan wata biyu ya ninka nauyinsa. Ɗan Adam sai ya kai wata biyar ko shida. Madarar kowanne daidai da tafiyarsa aka yi ta. Abin gina jiki da ke madarar shanu ya kai ninki uku na nonon uwa, gishirinta ma haka. Ƙodar jariri ba ta gama ƙwari ba, sai ta jawo ruwan jikinsa kafin ta fitar da wannan kaya ta fitsari. A zafin Garwa, in gudawa ko zazzaɓi ya haɗu da wannan, yaro ya bushe cikin yini guda. Ga shi sinadarin ƙarfe kaɗan ne a cikinta, wanda ke ciki ma jiki bai cika ɗauka ba, a wasu yaran har tana sa hanji ya riƙa zubar da jini kaɗan-kaɗan wanda ido ba ya gani. Sai ka ga yaro ya kai wata biyar tafin hannunsa fari fat.

Za ku ce a sirka da ruwa. In kin sirka don rage gishiri kin rage ƙarfin abincin, in kin ƙara sukari kin cike ƙarfi amma ba ki dawo da ƙarfe da bitamin da irin man da ƙwaƙwalwa ke so ba. Shi ya sa Baturiyar ke ta zuba garuruka da mai iri-iri, tana ƙoƙarin yin abin da masana'anta ke aunawa da sikeli. Cokalin kicin ba ya wannan aikin. Kuma Yaya, hukumar abinci da magunguna ta can Amurkan ta gargaɗi iyaye kar su haɗa wa jarirai madara a gida. Ta sake nanatawa a 2022, lokacin da aka rufe wata babbar masana'anta a jihar Mishigan madara ta yi ƙaranci, irin waɗannan bidiyoyin suka cika waya.

Ba zan ɓoye muku ba, a da ana koya wa iyaye mata masu cutar ƙanjamau yadda za su gyara madarar dabba a gida. A ƙa'idarta ta 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina hakan ga ɗan ƙasa da wata shida, don ba ya cika wa yaro abin da jikinsa ke buƙata.

Baffa, Pitowa: Wato shanuna ba su da amfani ga jikana ke nan.

Anti Nas, Marwa: Suna da shi, Baffa, lokaci ne bai yi ba. A 2023 hukumar ta ce yaron da ba ya samun nono, daga wata shida zuwa sha ɗaya ana iya ba shi madarar dabba mai cikakken mai, a tafasa, tare da kunu da ƙwai da hanta da wake da kifi don ƙarfe. Ka riƙe mana saniyar nan. Kuma in ka yarda, a sayar da litar da ka yi niyya, kuɗin ya shiga gwangwani.

Goggo: Ni ban iya dogon rubutu ba. Baffanku ya ce a kan madara ya tashi. Nono ya sha shekara biyu a wurin Dada, ni na goya shi, madara daga baya ce. Amma ƙanenmu da aka haifa lokacin da Dada ta kwanta ciwo, shi aka ɗura wa madarar shanu da ludayi. Ina ganinsa har yau, cikinsa ya kumbura kamar tulu, maɗigarsa ta faɗa, kukan ma ya daina fita. Bai kai arba'in biyu ba. Waɗanda suka rayu ne suke ba da labari.

Baffa, Pitowa: Allah ya jiƙansa. Ban san wannan ba, Goggo.

Maman Ikram, Garwa: Tunda ana faɗin gaskiya bari in faɗi tawa. Sati guda ke nan ina rage cokali ɗaya a kowane biberon, wato kwalbar shayarwa, don gwangwanin ya kai kwana shida. Wallahi ba mugunta ba ce. Tun shekaranjiya yana yawan barci, sai na tashe shi kafin ya sha.

Anti Nas, Marwa: Na san ba mugunta ba ce, ƙanwata. Amma ki daina daga wannan shan da ke tafe, kuma kar ki jira gobe, ki kai shi asibiti yau. Ruwa in ya yi yawa yana sirka gishirin jini, har jijjiga yake kawowa. Ki gaya musu duk abin da kika gaya mana, a auna shi, ki ce maraya ne, ki tambayi sashen kula da tamowa. Suna da madarar asibiti da ake ba irinsu in nauyi ya faɗi.

In kin dawo: madarar jarirai mai lamba 1 za ki saya, ba madarar shayi ba, ba mai kauri mai zaƙi ba. Ki tafasa ruwa, ki bar shi ya ɗan huce amma kar ya wuce rabin awa, don garin ma ana iya samun ƙwayar cuta a ciki. Ruwa tukuna, sannan gari, yadda aka rubuta a jikin gwangwani, cokali a shafe. Abin da ya rage a zubar. In za ki iya ki koma ƙaramin kofi, ya fi bakin robar nan sauƙin wankewa. Zuma kuma kar ta taɓa bakinsa sai ya shekara.

Yaya, Kuseri: Duk na ji. Amma ku yi lissafi. Wata shida gwangwani nawa ne?

Anti Nas, Marwa: Kusan kilo 20 na gari, wato wajen gwangwani 50 na giram 400. An ci sati bakwai a ciki.

Yaya, Kuseri: To kun gani. Wannan ne abin da ke tura mutane ga ƙwarya, ba jahilci ba. Ni zan ɗauki biyu duk wata, amma biyu ba ta kai ko'ina.

Malam, Hausare: Ina ta karantawa ina jiran wani ya ambaci abin da yake gabanmu. A gidan nan akwai masu jego uku. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, Halimatus Sa'adiyya ce ta shayar da shi. A Suratuɗ Ɗalaƙ an ce in abu ya yi wuya wata ta shayar masa. Me ya sa muka tsallake wannan muka tafi kan saniya da gwangwani?

Goggo: Ka san dalili, Malam. Auren zumunci. Kowa na tsoron ɗiyarta ta haramta gare shi.

Malam, Hausare: Na sani. Kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ko sau ɗaya nonon ya isa cikinsa a cikin shekarun shayarwa, raɗa'a ta tabbata. Ita ta zama uwarsa, mijinta ubansa, 'ya'yansu 'yan'uwansa. Sai a rubuta a takarda da shaidu don kar a manta. Auren da ake tanadi sai nan da shekara ashirin da wani abu, yaron kuwa yau yake jin yunwa.

Anti Nas, Marwa: Malam ya faɗi abin da ya fi komai. Sharaɗina ɗaya, a yi wa mai shayarwar gwajin ƙanjamau tukuna, a asirce, kuma wannan ba zargi ba ne. Nono kuwa yawan tsotso ke kawo shi, mace ɗaya na iya ɗaukar biyu kamar mai tagwaye in tana ci tana sha. Ke ma Maman Ikram, wata huɗu kawai da yaye Ikram. In kina sa shi a ƙirji sau takwas zuwa goma a yini, har da dare, ruwan na iya dawowa cikin sati ɗaya zuwa 'yan makonni. Ana ci gaba da ba shi ta kofi har ya kawo.

Maman Ikram, Garwa: Ban taɓa jin haka ba. Amma sai na tambayi Baban Ikram.

Amarya, Takasko: Ku yi haƙuri da sa baki a maganar manya. Ɗana wata uku, nonona har jiƙa riga yake. Na yi wa maigida magana yanzu, ya ce in Goggo da uban yaron sun yarda shi ba shi da ja. Gwajin ma an yi min a awon ciki, a sake ba komai.

Baffa, Pitowa: In haka ne madarar ta koma wa mai shayarwa, a dafa mata kunu da ita. Gero ma zan haɗo.

Yaya, Kuseri: Ni har yanzu zuciyata ba ta kwanta da gwangwanin nan ba, amma alkawarina na biyu yana nan. Wa zai yi wa uban yaron magana?

Goggo: Ni. Bayan la'asar. Maman Ikram, kin fita asibitin ko kina nan kina karatu?

Maman Ikram, Garwa: Na goya shi, Goggo. Ina bakin titi ina tsaida babur.