Yaya zan shawo kan oga ya bar manyan kalmomi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a wani ƙaramin asibiti a Kumo, jihar Gombe. Aka ce in rubuta sanarwar rigakafin ƙyanda da mai shela zai karanta. Na rubuta: "Iyaye mata, a kawo yara 'yan wata 9 allura ranar Talata da safe." Oga ya soke, wai ba ta yi kama da takardar ofis ba. Ya cusa "masu ruwa da tsaki" da "ɗorewar shirin wayar da kai". Na karanta wa Inna, ta ce, "To, yaushe za a kai yaron?"

Sau biyu ina yi masa magana, har ya fara ɗaure fuska. Don Allah yaya zan ɓullo masa ba tare da ya ga raini ba?