Gaf-gaf da ƙugi a ƙasan tsohuwar BMW E39, wa ya taɓa fama da shi?

Mai 528 Jidda:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah wanda ya taɓa shiga irin halin nan ya taimaka min. Motata BMW ce 528i ƙirar 1999, wadda ake cewa E39, giya atomatik, ta haura kilomita dubu 300. Wata biyu kenan ta fito da sabon hali, in danja ta sake mu na taka mai sai naji gaf daga ƙasan kujera kamar an buga mata guduma, tsakanin 30 zuwa 50 kuma tana karkarwa kamar injin markaɗe, in na wuce nan ta daina, sannan in na hau titin Makka na kai 100 sai wani ƙugi wuuu daga baya har sai na ƙara rediyo. Na kaita sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, makaniken ko ɗaga ta baiyi ba, ya zaga da ita sau ɗaya yace difrans ne, wato akwatin haƙoran da ke raba ƙarfi ga tayoyin baya, inje tashlih Briman, inda ake saida kayan tsoffin motoci, in nemo wani. Ni kuwa kuɗin haya na jirana ƙarshen wata.

Ɗan Shara Mansur:
Wa alaikumussalam ɗan uwa, karka sayi komai tukuna. Tawa 530i ce 2002, bara tayi min gaf ɗin nan sak. Robar kardan ce, wata baƙar roba mai ramuka shida da ke haɗa bayan giya da kardan, wato dogon ƙarfen da ke kai ƙarfin inji baya, ita ke shanye fizgar in ka taka mai. Da muka ɗaga motar duk ta tsattsage zare ya fito mata kamar tsohon buhu. Karkarwar kuma shayyal ne, abin da ke riƙe kardan a tsakiya, tunda kardan ɗin motocin nan gida biyu ne. Zafin ƙasar nan baya barin roba, balle ga egzoz na gasa ta daga ƙasa. Na canza su tare na huta. Ƙugin ne dai ni banyi ba.

Baba Mai Warsha:
Yaro, mai motar nan, matsala biyu kake bamu labari ka ɗauka ɗaya ce. Ni tun ina yaron gareji a Kano muna zuwa Ƙofar Ruwa sayen kaya nake kwanciya ƙasan mota, abin da kuke kira kardan a nan mu farfela muka sani, rumman bili kuma boris. Gaf da karkarwa a ƙaramin gudu, yaron Shara Mansur ya faɗi daidai. Ƙugin kuwa kai zaka gano shi da kunnenka ba sai ka biya kowa ba. Ka samu titi mara cunkoso bayan asuba ka kai gudun da take kukan. Ka taka mai, ka ɗaga ƙafa, ka sake takawa. In kukan na canza murya, yana zuwa yana tafiya da ƙafarka, toh a fara zargin difrans, shi kukansa siriri ne kamar fito. In ko babu ruwansa da ƙafarka, gudun mota kawai yake bi, ka maida giya N na ɗan daƙiƙoƙi kaji, in yana nan toh ƙafa ce, boris ko taya. Sai ka ɗan karkata sitiyari hagu da dama a hankali, ba fizga ba. In ya ƙaru sanda ka karkata hagu galibi boris ɗin dama ne, domin nauyi can yake komawa. Makaniken da bai ɗaga mota ba ya yanke mata hukunci, hmm, bari nayi shiru, abokin sana'a ne.

Direba Riyadh:
Wlh da naga maganar Baba shekara biyu baya da ban yi asara ba. Nima haka akace min difrans, na kwashi jiki naje wani tashlih na sayo, aka ɗaura, na fito titi ƙugi na nan yadda yake ko gezau. Abin haushi ma ba'a duba lambar da ke jikinsa ba ashe lissafin haƙoransa ba ɗaya bane da nawa, na wata ƙirar ne, sai naga a 120 allurar injin ta tashi sama da inda na saba gani, mai kuma ya fara tafiya. Na koma yace garanti kwana uku ne ya wuce. Ƙarshe boris ɗin ƙafar baya na hagu ne, nawa difrans ɗin lafiyarsa lau aka maida shi, wancan yana nan a bayan ɗaki yara na zama a kai. In har sai ka sayi na tashlih ka ɗauki hoton lambar naka ka tafi da ita.

Ummu 'Yan Biyu:
Sannunku. Tawa ba BMW bace Lexus IS ce tsohuwa ta maigida da ya bar min da na samu rukhsa, wato lasisin tuƙi, amma itama bayan ke ja. Ƙugi ya dameni har na daina zuwa Madina da ita, an ce min boris an ce min akas, wato ƙarfen da ke juya taya, wani yaro a banshar, wajen masu faci, ne yace Hajiya kawo hannunki, ya shafa min cikin tayar baya naji tudu da kwari kamar haƙorin zarto. Ya nuna min lamba huɗu a gefen taya, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, ashe ta haura shekara shida. Aka sa sababbi aka yi mizan, wato saita ƙafafu, shiru. Malam ka shafa tayarka kafin komai, kyauta ne.

Abu Camry:
Ni dai shawarata ka saida ta ka sayi Camry ka samu barci. Mota tun 1999, ai ta girmi wasu a nan.

Ɗan Shara Mansur:
Yaya Abu kai dai kullum maganar kenan, ka taɓa hawa Hada, titin dutsen nan na Ɗa'if, da silinda shida a jere tukuna sai muyi magana.

Ɗan Karantina:
In kazo canjin ga inda ni na ci wuya. Ni da ƙanina muka yi a warshar, wato garejin, wani aboki ranar Juma'a, sai an sauke egzoz da farantin zafi kafin ka kai ga kardan, notin egzoz duk tsatsa irin ta Jidda, biyu suka karye mana. Muka raba kardan gida biyu dan mu zare shayyal bamu sa alama ba, ashe an daidaita nauyinsa a haɗe ne, muka maida yadda muka ga dama, motar ta daina gaf ta koma rawa daga 80 zuwa sama har madubi na rawa. Sai da muka sake kwancewa muka kai wa masu balans. Kafin ka raba ka ja layi da fenti a kan gida biyun. Robar kuma tana da kibiyoyi a jiki, kowace kibiya ta kalli kunnen ƙarfen da notinta zai kama, kuma sabon noti ake sawa. Karka sayi roba mai arha mara suna, ta farko da na sa ko shekara batayi ba.

Baba Mai Warsha:
Ƙari a kan na yaron nan, shayyal ana ɗan tura shi gaba wajen injin, 'yan milimita, kafin a ɗaure. Kuma tunda an kwance ku murza salib ɗin, wato gaɓar kardan mai siffar giciye, da hannu, in yana cijewa ko yana lilo toh roba kaɗai bazata yi ba, na motocin nan a danne yake ba'a cire shi kamar na Hilux. Man difrans ma a canza, 75W-90, amma a fara buɗe notin cikawa kafin na tsiyaya, na ga wanda ya tsiyaye mai tas na saman yaƙi buɗuwa.

Mai 528 Jidda:
Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Na kaita wata warshar daban aka ɗaga, robar ta tsage wuri huɗu, shayyal kuwa robarsa ta rabu gaba ɗaya kardan na yawo a ciki. An canza duka, na tsaya a kansu sai da suka ja layin fenti, gaf ya tafi karkarwa ta tafi. Hajiya na shafa taya sumul take. Man difrans ya fito baƙi amma babu garin ƙarfe. Yau da asuba nayi gwajin Baba, ƙugin baya bin ƙafata, a N ma yana nan, in na karkata hagu ya ƙaru. Kenan boris ɗin dama na baya. Albashi sai 27, kuma Juma'ar nan muna da ɗaurin aure a Ɗa'if, Baba zata iya hawa Hada a haka da iyali?

Baba Mai Warsha:
Da iyali a kwanonin Hada? A'a yaro. Cikin gari ka lallaɓa ta zuwa 27. Ɗa'if kuwa ka roƙi Abu ya ara maka Camry.