Wentworth na Ostireliya: me ya juya shi?

Ɗalibin Tarihi:
Assalamu alaikum. Ina karatu kan mulkin mallakar Ingila a Ostireliya, kuma William Charles Wentworth ya ɗaure mini kai. Mahaifiyarsa fursuna ce da aka koro zuwa can, don haka manyan Turawan Sidni ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Ya je Landan ya karanci shari'a, ya dawo a 1824 suka kafa jaridar The Australian shi da Robert Wardell. Ya yi ta caccakar Gwamna Darling na New South Wales, yankin da Sidni take, yana nemar wa tsofaffin fursunoni haƙƙinsu. To amma a 1853 shi ɗin nan ne ya nemi a yi majalisar dattawa ta gado, ɗa ya hau kujerar ubansa. Me ya juya shi haka? Masana a taimaka.

Tsohon Malami:
Wa'alaikumus salam. Ɗana, tumaki ne suka juya shi, ba wani abu ba. Ka tuna tun a 1813, da ya ƙetare duwatsun Blue Mountains tare da Blaxland da Lawson, wurin kiwo suka fita nema, aka kuma saka masa da fili eka 1,000. A 1827 ya gaji dukiyar mahaifinsa, ya sayi gidan Vaucluse. Daga nan garkunansa suka bazu a filayen da bai saya ba, gashin tumakin kuma yana tafiya masaƙun Ingila. Da Gwamna Gipps ya ce a 1844 masu irin wannan kiwo su ƙara biyan kuɗin fili, Wentworth ne kan gaba wajen tayar da jijiyar wuya. Har goyon baya ya yi a ci gaba da kawo fursunoni, don a samu masu kiwo da arha. Ɗan fursuna fa!

Lauyar Gobe:
Baba Malam, a yi masa adalci dai. Ya yi faɗa a daina barin hafsoshin soja suna yanke wa farar hula hukunci a kotu. Shi ya tsaya aka kafa Jami'ar Sidni a 1850. Tsarin mulkin da ya ba New South Wales cin gashin kai ma shi ya jagoranci rubuta shi, kuma batun gadon kujera an cire shi bayan wani matashin lauya, Daniel Deniehy, ya mai da shi abin dariya a bainar jama'a.

Tsohon Malami:
'Yata, ban musa ko ɗaya ba. Amma adalcin nasa ina ya tsaya? A 1844 ya ƙi yarda kotu ta karɓi shaidar 'yan asalin ƙasar, har ya kwatanta maganarsu da kukan biri. Su ne kuwa masu filin da tumakinsa ke ci. A 1840 kuma ya so ya saye kusan dukan tsibirin kudu na Niyu Zilan daga hannun wasu sarakunan Mawori, 'yan asalin can, da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Gipps ne ya taka masa birki.

Ɗalibin Tarihi:
Na gode, Baba. Ke nan ni a ganina bai juya ba. Tun farko so yake a buɗe masa ƙofar manya, da ya shiga sai ya nemi ya kulle ta. Anti Lauya, wani abu kuma: ya rasu a Ingila a 1872, amma aka ɗauko gawarsa har Sidni gwamnati ta yi masa jana'iza. Su wa suka nemi a yi hakan, masu tumakin ko mutanen gari?