Tiyon ruwa na bayan inji yana yoyo, hannu ba ya kaiwa

Direban_Hilux: Assalamu alaikum. Hilux ce mai injin dizal 2KD. Ƙaramin tiyon hita (mai kai ruwan zafin inji ga na'urar ɗumama cikin mota) da ke can bayan inji yana ɗigar da ruwa, wurin ya matse, filaya ba ta kama kilif ɗin da ke ɗaure tiyon. Sai an sauke me kafin a kai gare shi?

Bakanike_Kaduna: Wa alaikumus salam. Bar inji ya huce sarai, cire kan batir na nagatif, sannan ka tsiyaye ruwan lagireto a roba. In taka mai intakula ce (na'urar sanyaya iskar da ke shiga inji) a saman inji, sauke ta ka samu fili, amma toshe bakunan da tsumma mai tsabta. Noti ɗaya ya faɗa hanyar iska, aikin ya zama na buɗe inji.

Kilif ɗin mai sifirin ne, filayarsa daban ce, mai doguwar waya wadda ke matsewa daga nesa ta riƙe. Tiyon kuwa zafi ya riga ya manne shi da bututu, kada ka sa sukudireba ka ɓanɓare, za ka ƙwarzane bakin ko ka lanƙwasa shi, sabon ma ya ci gaba da yoyo. Tsaga shi da reza a tsaye, a hankali, ya buɗe da kansa. Goge tsatsar bakin da sanfefa mai laushi.

Malam_Injiniya: Ƙari a kan na Oga Bakanike. Zura kilif a jikin sabon tiyo tun kafin ka kai shi wurin, mutane da yawa nan suke mantuwa. Tsoma bakinsa a ruwan zafi ya yi laushi, shafa ruwan sabulu. Ban da giris, ban da baƙin mai, suna kumbura robar tiyon ruwa. Kilif ya zauna bayan tudun bakin bututu, ba a kansa ba. In mai noti ka saya, juya kansa inda soket 7 ko 8 zai iske shi gobe. Kuma nemi tiyo mai lanƙwasa irin na asali, miƙaƙƙe yana karyewa a kwana ya tare ruwa.

Direban_Hilux: Wani ya ce in kashe hitar kawai, a haɗe bututun shigar ruwa da na fitarsa.

Bakanike_Kaduna: Yana fitar da mutum daga matsala a hanya, amma ko haɗewar sai hannu ya shiga wurin nan, to me aka rage? Abin dubawa shi ne dalilin lalacewar. In tsohon ya kumbura ya yi taushi, dizal ko baƙin mai ne ke ɗiga masa daga sama, gyara wannan tukuna. In kuma tiyoyi suna ƙanƙarewa da zarar an tayar, ruwa yana kumfa, a gwada gasket ɗin silinda.

Bayan ɗauri, zuba kulant (ruwan lagireto na musamman), ban da ruwan rijiya. Murɗa hita zuwa zafi, bar inji a silo (yana aiki ba a taka totur ba) har babban tiyon sama na lagireto ya ɗau zafi, iska ta fita. In ya huce ka cika, ka shimfiɗa kwali a ƙasa ya kwana don ganin ko akwai ɗigo.