Wai ta yaya ake ƙirga shaho miliyan guda yana tashi?

Ɗan Kallo: Salamu alaikum jama'a. Na karanta cewa a Batumi, gaɓar Bahar Aswad a ƙasar Jojiya, ana ƙirga tsuntsaye masu farauta sama da miliyan ɗaya duk kaka, suna kan hanyar ƙaura zuwa kudu. Ni dai abin bai shige ni ba. Abin da ke shawagi a sama, wa zai ce bai ƙirga ɗaya sau biyu ba? Kuma me ya sa sai bakin teku?

Yaya Mai Tabarau: Wa'alaikumus salam ƙanena. Na taɓa aikin sa-kai a can, bari in ba ka abin da na gani.

Manyansu, irin su shirwa da mikiya, ba sa son kaɗa fiffike, yana cin ƙarfi. Iska mai zafi da ke tasowa daga ƙasa suke hawa, su yi ta kewaya har su yi sama, sannan su saki jiki su zarce. Irin wannan iskar ba ta samuwa sosai a kan teku, shi ya sa suke gudunsa. A Batumi teku na gefe guda, duwatsun Kaukasas na ɗaya gefen, dole kowa ya bi ta ɗan tsakanin. Tun 2008 ake ƙirgar, daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba, a tudu biyu, Sakhalvasho da Shuamta.

Abu na farko da aka koya mini: kada ka taɓa ƙirga su suna cikin kewaya, kanka ne kawai zai juya. Jira za ka yi su kai ƙololuwa su fara fita a jere, kamar shanu daga shinge. Sai ka kafa madubin hangen nesa wuri guda, duk wanda ya gifta ka danna ɗan abin ƙirga da ke hannunka. In sun yi yawa, dannawa ɗaya goma ce, ko hamsin. Farkon Satumba, lokacin shahon nan mai cin 'ya'yan rina, akwai ranakun da ake haura 100,000. Ranar nan babban yatsa har tsami yake, wuya kuma ba a magana. Batun maimaici kuwa, an raba sararin sama, kowa da ɓangarensa, tudun biyu kuma na magana ta rediyo: wannan ayarin namu ne, ku bar shi. Wanda ya yi nisa ba a gane jinsinsa ba, ba a yi masa cinta, a rubuta shi haka nan.

Hajiya Ta-gaɓa: Gaskiyarka Yaya. A Falstabo ta Suwidin tun 1973 ake irin wannan ƙirgar da tsari ɗaya, shi ya sa ake iya gane jinsin da ke raguwa. A mashigin Jibiralta ma, kilomita 14 ne kacal tsakanin Turai da Afirka, amma in iska ta yi ƙarfi sai tsuntsayen su taru suna jira.

Ɗan Kallo: To ashe dai ƙiyasi ne, Yaya?

Yaya Mai Tabarau: Ranar cunkoso, e, akwai ƙiyasi. Amma kuskuren bana ɗan'uwan na bara ne, tunda wuri ɗaya ne, lokaci ɗaya, hanya ɗaya. Ni abin da ya fi damuna a can ƙarar bindigar maharba ce daga tuddan kusa, ita ma muna rubuta ta. In za ka je, tafi da rigar ruwa, Batumi ba ta wasa da ruwan sama.